Hausar Ilmantar da Manyan Mabiya Ɗarikar Katolika: Tarken Wasu Keɓaɓɓun Kalmomin Tauhidi

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sun daɗe suna bin diddigin tasirin da Larabci da addinin Musulunci suka yi a kan kalmomin harshen, kamar yadda suka yi rubuce-rubuce masu yawa game da aron kalmomi daga Ingilishi ta fuskar mulki da ilimin boko da kasuwanci. Sai dai akwai wani fage da Hausa take aiki a cikinsa kullum rana ta Allah, wanda bai sami irin wannan kulawa ba, wato Hausar da ake wa'azi da addu'a da karantarwa da ita a majami'un Kirista na Arewacin Nijeriya. Daga Shendam zuwa Kafanchan, daga Kontagora zuwa Malumfashi, ɗimbin jama'a ne suke jin zancen Allah da ɗan'adam da mutuwa da lahira a cikin Hausa, ko da kuwa ba ita ce harshen da suka sha a nono ba.

Manufar wannan takarda ita ce tarken wani yanki na wannan Hausa, wato keɓaɓɓun kalmomin da ake ilmantar da manyan mabiya ɗarikar Katolika da su, waɗanda ba firistoci ba ne, ba kuma masu zaman zuhudu ba. Za a duba ko waɗannan kalmomi suna iya ɗaukar nauyin da aka ɗora musu idan aka wuce matakin haddar yara aka shiga matakin fahimtar manya. Takardar ba ta shiga batun gaskiya ko rashin gaskiyar wata aƙida ba, domin wannan ba hurumin ilimin harshe ba ne. Abin da ta sa a gaba shi ne tazarar da ke tsakanin ma'anar da malami yake nufi da ma'anar da kunnen mai sauraro yake kamawa. A yankin da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, suke shan ruwan rijiya ɗaya, wannan tazara tana iya haifar da jahilcin mutum game da addininsa, tana kuma iya haifar da rashin jituwa tsakaninsa da maƙwabcinsa.

2.0 Matsayin Ilmantar da Manya a Ikilisiyar Katolika

Kafin shekarun 1960, da Latin ake gudanar da babbar ibadar Katolika a kusan ko'ina cikin duniya, kuma ilimin tauhidi mai zurfi ya taƙaita ne ga makarantun horar da firistoci. Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ita ce ta sauya wannan tsari. Kundinta na ibada na 1963 ya buɗe ƙofar amfani da harsunan gida, ya kuma umarci a dawo da tsohon tsarin karantar da manya masu neman baftisma mataki-mataki, tsarin da aka fitar da littafinsa a 1972. Kundin Lumen Gentium na 1964 ya gabatar da babin da ke magana a kan jama'ar Allah baki ɗaya kafin babin shugabanni, sa'an nan ya keɓe babi guda ga mabiyan da ba firistoci ba. A 1965 kuma aka fitar da wata doka ta musamman a kan aikin waɗannan mabiya, wadda babinta na ƙarshe ya tsaya a kan horar da su.

Takardun da suka biyo baya sun ƙara jaddada wannan manufa. A cikin Catechesi Tradendae ta 1979, Fafaroma John Paul na Biyu ya nuna cewa karantar da manya shi ne babban nau'in karantar da addini, domin su ne masu ɗauke da nauyin gida da na al'umma. Ya sake komawa kan batun a cikin Christifideles Laici ta 1988. A 1992 aka wallafa babban katekizim na Ikilisiyar Katolika mai sakin layi 2,865, aka kuma taƙaita shi cikin tambayoyi 598 a 2005. A 2021 Fafaroma Francis ya mayar da aikin katekis, wato malamin addini wanda ba firist ba, ya zama muƙami tabbatacce a cikin Ikilisiya.

Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan takardu an tsara su ne da Latin ko wani harshen Turai, a bisa tunanin da ya ginu a kan falsafar Girka da dokokin Rum. Kafin abin da suka ƙunsa ya isa ga manomi a ƙauyen Kudancin Kaduna ko 'yar kasuwa a Sabon Garin Zariya, sai ya bi ta Ingilishi, sa'an nan ya faɗo cikin Hausa ta bakin firist ko katekis. A wannan zango na ƙarshe ne ake yin riba ko asara.

3.0 Masu Sauraro da Tushen Kalmomi

Masu sauraron wannan Hausa sun kasu gida biyu. Kashi na farko, wanda shi ne mafi yawa, su ne al'ummun da suke da nasu harsunan, irin su Gwoemai da Angas da Birom a Filato, da Bajju da Atyap a Kudancin Kaduna, da Kambari da Dakarkari a yankin Kontagora da Zuru. A wurinsu Hausa harshen haɗin kai ne, da ita ake ciniki, da ita ake sujada idan ƙabilu sun haɗu. Kashi na biyu su ne Hausawan asali, galibinsu daga zuriyar Maguzawa na ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau. Waɗannan suna jin kowace kalma da dukkan inuwar ma'anarta, saboda haka abin da zai wuce ta kunnen Bakatafe ba tare da wata damuwa ba yana iya tsaya wa Bahaushe a rai.

Ta fuskar tarihi, 'yan mishan na Katolika na ƙungiyar SMA sun kafa sansaninsu a Shendam a 1907, amma ba su ne suka aza harsashin Hausar Kirista ba. J. F. Schön ya fara fassara sassan Linjila tun a tsakiyar ƙarni na 19, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 ta hannun 'yan mishan na ɗarikun Furotesta, waɗanda Dokta Walter Miller na CMS a Zariya yake cikin jagororinsu. Sabuwar fassara ta fito a 1979, har da bugun da ya haɗa da ƙarin littattafai bakwai na Tsohon Alkawari waɗanda Katolika suke lissafawa, abin da ya sa nasu ya kai littattafai 73 a maimakon 66. Ke nan Katolika sun gaji mafi yawan kalmominsu ne daga mafassaran da ba su da buƙatar bayyana wasu rukunan aƙidar Katolika, kamar sakramenti bakwai da roƙon tsarkaka da yi wa matattu addu'a.

Idan aka dubi tushen kalmomin, za a iya kasa su uku kamar haka:

(a) Kalmomin Hausa da aka faɗaɗa ma'anarsu ko aka ƙera daga cikin harshen: bangaskiya, ƙauna, bege, ceto, fansa, gicciye, zumunta.

(b) Kalmomin Larabci da suka shigo Hausa ta hanyar Musulunci tun kafin zuwan 'yan mishan: Allah, ruhu, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, hadaya, alheri, almajiri, Linjila, tauhidi.

(c) Kalmomin da suka samo asali daga Girkanci ko Latin ko Ingilishi: Ikilisiya, baftisma, firist, bishop, Fada, katekis, sakramenti, Triniti.

Kowane rukuni da irin matsalarsa. Na farko yana zuwa da ma'anar yau da kullum wadda kan rinjayi sabuwar ma'ana. Na biyu yana zuwa da ma'anar da malaman Musulunci suka riga suka kafa cikin ƙarnuka. Na uku kuwa fanko yake zuwa, ba ya faɗa wa mai sauraro kome sai abin da aka zuba masa.

4.0 Tarken Wasu Kalmomi

4.1 Sunan Mabiyan da Kansu

Matsala ta farko ita ce ta sunan waɗanda ake son a ilmantar. Kalmar Turai da ake kiran su da ita ta fito ne daga laos ta Girkanci, wadda ke nufin jama'a. A Hausa akan ce masu bi, ko mabiya, ko 'yan Ikilisiya, ko jama'a. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta bambance su da firistoci, domin firist ma mai bi ne, kuma ɗan Ikilisiya ne. Idan kuma mai fassara ya nemi kalmar da za ta fito da bambancin, abin da ke kusa da hannunsa shi ne talakawa ko gama-gari. Kalmar talakawa tana jawo tsarin sarauta gaba ɗayansa, inda ake da masu mulki da waɗanda ake mulka, sai bishop ya zama sarki, firist ya zama hakimi, katekis ya zama dagaci, sauran jama'a kuma aikinsu ya zama ji da bi da biyan haraji. Wannan hoto shi ne ainihin abin da Majalisar Batikan ta Biyu ta nemi gyarawa lokacin da ta sa babin jama'ar Allah a gaban babin shugabanni.

Haka kuma kalmar mabiya, wadda wannan takarda ma ta dogara da ita don rashin wadda ta fi ta, tana nuna wanda ke baya ne. Alhali koyarwar majalisar ita ce duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a cikin aikin firistanci da annabci da sarauta na Almasihu, kuma fagen aikinsa shi ne gida da gona da ofis da siyasa. Muddin harshen bai ba mutum sunan da zai ji kansa a matsayin ma'aikaci ba, da wuya a shawo kansa ya ɗauki karatun tauhidi a matsayin abin da ya shafe shi. Zai ci gaba da cewa wannan aikin Fada ne.

4.2 Alheri da Bege

An zaɓi alheri don ta ɗauki ma'anar gratia ta Latin, kuma zaɓin yana da hujja, domin alheri kyauta ce da ake yi ba da tilas ba. Amma a tunanin Bahaushe alheri yana tafiya da sakayya. Karin magana na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wani kuma na cewa alheri gadon barci ne. Dukkansu suna duban ribar wanda ya yi alherin ne, kuma wanda aka yi wa yana jin bashi a wuyansa har sai ya rama. A tauhidin Katolika kuwa, abin da ake nufi baiwa ce wadda ɗan'adam bai cancanta ba, ba ya kuma iya biya. Daɗin daɗawa, ana bambanta wadda take zaune a cikin ran mutum tana tsarkake shi, da wadda take zuwa a matsayin taimako a wani lokaci na musamman. Alherin Hausa aiki ne da ake yi wa mutum daga waje, ba hali ne da ke zama a cikinsa ba. Saboda haka babban mai koyo yana buƙatar a jera masa alheri kusa da ni'ima da falala da baiwa da rahama, a nuna masa abin da kowace ta kama da abin da ta saki.

Kalmar bege ta fi wannan wuya. A Hausar asali bege shi ne kewa da ɗokin abin da ba ya kusa, kamar begen gida ga matafiyi, ko begen Annabi a waƙoƙin madahu. Akwai zafin rabuwa a cikinsa, amma babu tabbacin saduwa. Abin da tauhidin Kirista yake nufi da spes, ɗaya daga cikin manyan halaye uku tare da bangaskiya da ƙauna, shi ne dogaro tabbatacce ga alkawarin Allah. Kalmomin sa zuciya da sa rai sun fi kusa da wannan, fata kuma ta fi su rauni. Wanda ya koyi Hausa a coci ya riga ya karɓi bege da sabuwar ma'anarta, amma Bahaushen Malumfashi zai fi jin kewa a cikinta fiye da tabbaci. Bangaskiya kuwa, wadda aka ƙera daga ba da gaskiya, tana cikin kalmomin da suka zauna daram, ko da yake ba ta raba aikin gaskatawa da abin da aka gaskata ba, inda Hausar malaman Musulunci take da imani da aƙida.

4.3 Ceto, Bauta da Girmamawa

A Hausar yau da kullum ceto shi ne kuɓutar da wanda ya faɗa cikin haɗari. A Hausar Musulunci kuma kalmar ta ɗauki ma'anar shafa'a, wato roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar ƙiyama. Ke nan idan aka ce Mai Ceto, kalmar tana iya nufin wanda ya kuɓutar da kansa, tana kuma iya nufin wanda ya roƙa aka kuɓutar. Ga sauran ɗarikun Kirista wannan harshen damo bai cika damuwa ba. Ga Katolika kuwa a nan gizo yake saƙa, domin aƙidarsu ta tsaya a kan cewa Almasihu kaɗai ne mai kuɓutarwa, Maryamu da tsarkaka kuma roƙo suke yi. Idan kalma ɗaya tana iya rufe ayyukan biyu, to mabiyin da ba a zaunar da shi an warware masa ba zai kasa amsa tambayar da maƙwabcinsa na wata ɗarika yake yi masa kullum.

Haka abin yake game da bauta. Tun a Majalisar Nikiya ta Biyu a shekarar 787 aka bambanta bautar da ta keɓanta ga Allah da girmamawar da ake yi wa tsarkaka da siffofinsu. A nan Hausa ba ta gaza ba, tana da bauta da sujada a gefe guda, da girmamawa da darajantawa a ɗaya gefen. Inda matsalar take shi ne sujada ta zama sunan taron ibada gaba ɗaya a Hausar Kirista, alhali a kunnen Musulmi sujada ita ce sa goshi a ƙasa, wanda ba a yi wa kowa sai Allah. Mai karantarwa da ya yi sakaci ya haɗa sujada da sunan wani tsarkakakke ya rushe bambancin da aka shafe ƙarnuka ana tsarewa.

4.4 Sakramenti da Asiri

Sakramenti na cikin rukunin kalmomin da suka shigo fanko. Asalinta a Latin rantsuwar soja ce, aka yi amfani da ita wajen fassara mysterion ta Girkanci. Larabawa Kirista sun fassara ta da sirr, kuma daga wannan tushe ne Hausa ta sami asiri. A zahiri ke nan Hausa tana da kalmar a hannu. Amma asiri a Hausa ya rabu biyu: akwai na rufin asiri, wato sirrin mutum da mutuncinsa, akwai kuma na an yi masa asiri, wato sammu da sihiri. A cikin al'ummar da laya da guru da rubutun sha suke da kasuwa, kiran baftisma ko shafe marar lafiya da mai da sunan asiri zai mayar da su magani, firist kuma ya zama boka. Gudun wannan ya sa aron kalmar Turai ya fi aminci.

Sai dai aron bai kashe matsalar ba, ɓoye ta ya yi. Kalmar da ba ta da ma'ana a kunnen mai ji, shi ne zai cika ta da abin da ya sani, kuma abin da ya sani shi ne maganin tsari. Majalisar Trent ta tabbatar a 1547 cewa sakramenti bakwai ne, kuma bayanin da aka saba yi shi ne alama ce ta zahiri wadda take isar da baiwar da take nunawa. Wannan bayani yana shiga Hausa ba tare da wahala ba, domin alama da zahiri da baɗini duk kalmomi ne da aka sani. Abin da ake buƙata shi ne bayanin ya riƙa tafiya tare da kalmar aro a duk inda ta je, har ta cika.

4.5 Triniti da Kalmar Tauhidi

Mafi nauyin duka shi ne zancen Triniti. Majalisun Nikiya a 325 da Kustantiniya a 381 sun kafa aƙidar a kan bambanci tsakanin abin da Allah yake, wanda ɗaya ne, da waɗanda ake kira Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ga ɓangaren farko Hausa tana da zati, wadda malaman tauhidin Musulunci suka daɗe da horar da ita. Ga ɓangare na biyu, wato persona ta Latin, babu kalma. Mutum ba za ta yi ba, domin mutum ɗan'adam ne, kuma cewa mutum uku daidai yake da cewa alloli uku a kunnen kowa. Siffa ma ba za ta yi ba, domin cewa Allah ɗaya mai siffofi uku ita ce koyarwar Sabaliyus wadda Ikilisiya ta yi watsi da ita tun ƙarni na 3. Larabawa Kirista da suka gamu da wannan matsala sun ari uƙnum daga Suriyanci, kalmar da ba ta shigo Hausa ba. Abin da ya rage shi ne kewaye, irin su uku cikin ɗaya, wanda ya faɗi adadi amma bai faɗi uku na mene ne ba.

Kalmar Ɗa ita ma tana buƙatar bayani. Bahaushe yana amfani da ɗa ba tare da nufin haihuwar jiki ba, kamar a ɗan kasuwa da ɗan gari da ɗan hanya, amma wannan ma'ana ta dangantaka ta yi rauni ga abin da aƙidar take nufi, ma'anar haihuwar jiki kuma ta wuce gona da iri, ita ce ma abin da Musulmi yake ƙi idan ya ji kalmar. Babban mabiyi da ke zaune a Kano ko Gusau zai gamu da wannan tambaya ko ya so ko bai so ba, kuma amsar da ya haddace yana ɗan shekara goma ba za ta fisshe shi ba.

Abin sha'awa shi ne kalmar da Hausar Kirista ta ɗauka ta zama sunan wannan fanni gaba ɗaya ita ce tauhidi, wadda asalinta kaɗaita Allah ne. Ana iya ganin wannan a matsayin rashin dacewa, amma ya fi kyau a gan shi a matsayin dama, domin yana tilasta wa mai karantarwa ya fara daga kaɗaitakar Allah, wadda ita ce farkon aƙidar Nikiya kanta.

5.0 Rubutu da Furuci

Baya ga ma'ana, akwai matsalar sauti da harafi. Da yawa daga cikin masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu ba sa bambanta baƙaƙe masu ƙugiya da takwarorinsu, kuma sukan furta ts kamar s. Ƙananan takardun da ake bugawa ba tare da haruffa masu ƙugiya ba suna ƙara tabbatar da wannan. A hirar kasuwa asarar ba ta da yawa, amma a nan ta faɗa kan kalmomin da aƙidar ta rataya a kansu. Ɗa yana komawa da, tsarki yana komawa sarki, Fada kuma yana haɗuwa a rubuce da fada ta sarki da faɗa na rigima da faɗa na magana. Ga kuma rashin daidaito wajen rubuta kalmomin aro, inda ake ganin Ikilisiya da Ikkilisiya da Eklesiya, ko Kristi da Kiristi tare da Almasihu. An tattauna ƙa'idojin rubutun Hausa a Bamako a 1966, da Kano a 1972, da Yamai a 1980, saboda haka abin da za a bi yana nan, bin ne ya rage. Amfanin bin zai wuce Nijeriya, domin akwai Katolika masu ibada da Hausa a yankin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar.

6.0 Hanyar Karantarwa

Tsohuwar hanyar katekizim ita ce tambaya da amsa, a haddace a mayar. Tana da amfaninta ga yara da waɗanda ba su iya karatu ba, amma tana ɓoye duk matsalolin da aka zayyana a sama, domin mai hadda ba ya tambayar ma'ana. Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da sanin bambancin matakan nan biyu. A makarantar allo yaro yana hadda, a makarantar ilimi kuma magidanci yana zama gaban malami da Ahalari ko Iziyya ko Risala, ana karanta Larabci gaɓa-gaɓa ana fassarawa ana sharhi da Hausa. Wannan zama na shekaru aru-aru shi ne ya horar da kalmomi irin su zati da siffa da wajibi da mustahili har suka zama kayan aikin tunani. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kai irin wannan ilimi ga matan karkara ta hanyar jajis da 'yan taru, tana amfani da waƙa.

Hausar Katolika tana da matakin farko, kuma tana da wuraren da mataki na biyu zai iya tsayawa, kamar cibiyar horar da katekis ta Malumfashi da ƙungiyoyin Zumuntar Mata, inda waƙa da fira suka riga suka zama hanyar isar da saƙo. Kalmar zumunta kanta ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da harshen zai iya. Ta ɗauki ma'anar koinonia ta Girkanci ba tare da an yi mata dole ba, ta kuma zo da nata nauyin, tun da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Har ma ta fi iyali dacewa da hoton Ikilisiya a matsayin gidan Allah wanda Ecclesia in Africa ta 1995 ta gabatar, domin iyali a Hausa su ne waɗanda ke ƙarƙashin maigida, zumu kuwa tsara ne kuma ɗan'uwa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kalmomin tauhidin Katolika na Hausa sun fito daga tushe uku, kuma kowane tushe yana karkatar da ma'ana ta wata fuska. Ta nuna cewa wasu kalmomi, irin su bangaskiya da zumunta da zati, sun isa aikin da ake nema, wasu irin su alheri da bege da ceto suna buƙatar sharhi a duk lokacin da aka karantar da manya, wasu wurare kuma, musamman sunan mabiyan da kansu da kalmar da za ta tsaya a madadin persona, har yanzu giɓi ne.

Cike wannan giɓi aiki ne da ya fi ƙarfin malaman tauhidi su kaɗai, ya kuma fi ƙarfin masana harshe su kaɗai. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya nuna yadda taron masana zai iya samar wa Hausa kalmomin nazarin harshe da adabi cikin tsari. Irin wannan zama ake buƙata a nan, wanda zai haɗa malaman makarantun firistoci, da katekis masu fama da tambayoyin jama'a, da Hausawan asali na cikin Ikilisiya, da masana Larabci da za su faɗi nauyin da kowace kalma ta riga ta ɗauka, da kuma sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i. Kowace kalma a rubuta ta bisa ƙa'ida, a kawo ma'anarta ta yau da kullum, da ma'anarta a Musulunci idan tana da ita, da ma'anar da ake nufi a Katolika, sa'an nan a gwada ta a bakin masu sauraro na Filato da na Katsina kafin a tabbatar da ita.